Ɗaukaka Almasihu Bisa Gumaka a Unguwar da Ba a Ganin Gunki

Unguwar Rimi tana cikin unguwannin da ke arewacin Kogin Kaduna, wato ɓangaren birnin Kaduna da Musulmi suka fi rinjaye a cikinsa tun bayan rikicin shari'a na watannin Fabrairu da Mayu na shekarar 2000 da wanda ya biyo baya a Nuwambar 2002, lokacin da iyalai Kirista masu yawa suka sayar da gidajensu ko suka yi musayarsu, suka ƙetare gada zuwa Sabon Tasha da Narayi da Barnawa da Unguwar Talabijin. Duk da wannan ƙaura unguwar ba ta koma ta addini ɗaya ba, domin har yau ana sujada a majami'unta ranar Lahadi da Hausa da Turanci, kuma masu cika bencinan ma'aikatan gwamnati ne da 'yan fansho da malaman makaranta da 'yan kasuwa, waɗanda asalinsu ya bazu daga kudancin jihar zuwa Filato da Adamawa da ƙauyukan Hausawa na ƙasar Zazzau da Katsina da Kano. Cikin wa'azin da kunnuwan waɗannan mutane suka fi sabawa da shi akwai wanda ke cewa Yesu Almasihu ya fi kowane gunki, kuma wajibi ne mai bi ya zauna ƙarƙashin ikonsa. Sai dai wanda ya ratsa unguwar daga kasuwarta har bakin kogi ba zai tarar da sassaƙaƙƙen itace da ake yi wa yanka a fili ba, kuma maƙwabcin Kirista a nan Musulmi ne wanda ƙin gumaka shi ne farkon kalmar shahadarsa. Saboda haka ya zama dole a tambayi abin da wannan wa'azi yake nufi a irin wannan wuri, da kuma abin da yake nema daga mai sauraronsa bayan an tashi daga sujada.

Tushen koyarwar yana cikin Littafi Mai Tsarki, kuma ta zo ne da fuska biyu waɗanda ba kullum ake riƙe su tare ba. Fuska ta farko ita ce ta Tsohon Alkawari, inda dokoki goma na littafin Fitowa suka hana bauta wa wani allah da kuma yin siffa don a rusuna mata, inda kuma annabi Ishaya, a sura ta 44, ya kwatanta mutumin da ya sare itace ɗaya, ya dafa abinci da rabinsa, ya sassaƙa sauran ya durƙusa masa. Abin nufi a nan shi ne gunki aikin hannu ne, ba ya ji, ba ya ceto. Fuska ta biyu ta manzo Bulus ce, wanda bai musanta cewa akwai ikoki na ɓoye da mutane ke tsoro ba, amma ya koyar a wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa cewa ta wurin Almasihu aka halicci dukansu, na bayyane da na ɓoye, kuma a kan gicciye aka tuɓe musu makamai. A ƙarshen bisharar Matiyu, Yesu da kansa ya danganta aiken almajiransa da cewa an ba shi dukan iko a sama da ƙasa. Daga nan ne shaidar ikkilisiya ta farko ta fito, wato furta cewa Yesu shi ne Ubangiji, kuma a daular Rum wannan furuci yana da tsada, domin Kaisar ma yana neman a girmama shi da turare. Wajen shekara ta 112, Filini gwamnan Bitiniya ya rubuta wa sarki Tarajan cewa yakan gwada waɗanda ake zargi da Kiristanci ta hanyar sa su miƙa turare da ruwan inabi ga siffar sarki su kuma zagi Almasihu, kuma a shekara ta 250 sarki Desiyus ya wajabta wa kowa yin hadaya da karɓar takardar shaida. Ba a nemi waɗannan mutane su daina son Yesu a zuciya ba. An nemi su yarda cewa akwai wani iko da ke daidai da nasa a rayuwar yau da kullum, kuma ƙin yarda da hakan ne ya kai wasunsu ga mutuwa.

A ƙasar Hausa, bautar da ta gabaci Musulunci ba ta dogara sosai ga sassaƙaƙƙun siffofi ba. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da ke zaune a Dutsen Dala, wanda shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, inda aka kewaye wata itaciya da katanga, ya fito ya faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi, su kuma su kawo baƙaƙen dabbobi. Maguzawa, wato Hausawan da suka ci gaba da addinin kaka da kakanni a karkarar Kano da Katsina da Zazzau, sun san Allah a matsayin mahalicci, amma sun ɗauke shi mai nisa, don haka hulɗarsu ta kullum da iskoki ce, waɗanda ake cewa suna zaune a tsamiya da kuka da duwatsu da rijiyoyi, kuma kowane gida yana da tsafinsa, wato wurin da mai gida ke zuba jinin akuya ko kaza kafin shuka da bayan girbi. Bori, wanda shi ne hawan iska a kan mutum bayan an yi masa girka, ya tsara waɗannan iskoki da sunaye da halaye, irin su Sarkin Rafi da Inna da Kure da Ɗan Galadima, kowanne da irin cutar da yake sawa da irin dabbar da yake karɓa. A kudancin Kaduna kuwa, abin da Hausawa ke kira dodo, wato ƙungiyar asiri ta maza wadda ke magana da muryar kakanni, shi ne ke riƙe da doka da horon mata da yara. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne ciniki da tsoro: mutum yana ba da jini ko giya ko biyayya domin a bar masa 'ya'yansa da gonarsa. Wanda bai fahimci wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa fuska ta biyu ta koyarwar, wadda ke cewa an ci nasara a kan ikoki, ta fi shiga zukatan masu tuba a wannan yanki fiye da gardamar cewa gunki itace ne kawai ba.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa Musulunci ya riga Kiristanci yaƙar wannan al'ada a ƙasar Hausa da ƙarnoni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tun kafin jihadin 1804, ya yi rubutu a kan masu da'awar Musulunci da ke yanka wa itatuwa da duwatsu, kuma a ƙarni na ashirin Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya yi shekaru yana karantarwa a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki a nan Kaduna, da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, sun tsananta suka a kan laya da duba da zuwa wurin boka. Don haka saɓanin Kirista da maƙwabcinsa a Unguwar Rimi bai shafi matsayin gunki ba, ya shafi matsayin Almasihu ne. Musulmi yana girmama Annabi Isa ɗan Maryama a matsayin manzo, yana kuma ganin cewa yi masa sujada shirka ce, wato haɗa Allah da wani a cikin bauta. Kirista kuwa yana amsawa da cewa bai ɗauki wani halitta ya ɗora shi kusa da Allah ba, domin bisa ga abin da majalisar Nikiya ta tabbatar a shekara ta 325, Ɗan ba halittacce ba ne, zatinsa ɗaya ne da na Uba, kuma Allah ɗaya ne ya bayyana kansa a cikinsa. Wannan bambanci na gaske ne, kuma rufe shi da kalmomi masu daɗi ba ya girmama kowane ɓangare. Amma yana ɗora wa Kirista wani nauyi da ba kasafai ake ambata ba: mutumin da ke zaune cikin jama'ar da ke auna shi da ma'aunin tauhidi, idan aka ga laya a kugunsa ko aka gan shi a ƙofar boka, ya tabbatar wa masu kallo zargin da suke yi wa addininsa gaba ɗaya.

Tarihin Hausawa masu bin Almasihu ya fara ne da wannan tambaya ta matsayinsa, tun kafin Turawan mishan su samu gindin zama. Bisa ga abin da mabiyansa suka riwaito, wani malami a Kano mai suna Ibrahim ya lura da irin darajar da Alƙur'ani ya ba Annabi Isa, ya riƙa koyar da almajiransa a kan haka, har aka kashe shi a kasuwar birnin a zamanin Sarki Abdullahi, wajen 1867, mabiyansa da aka sani da Isawa suka watse zuwa wajejen Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, aka kafa musu mazauni a Gimi, ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, saura suka haɗu da jama'ar da ta koma Wusasa wajen 1929, inda aka gina Majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa. Daga wannan ƙaramar al'umma ne aka samu Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda babban asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A ɗaya gefen, mishan ɗin SIM ta buɗe tasha a Kwoi a 1910, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, kuma a shekarun 1970 Maguzawa da yawa na Kano da Katsina suka karɓi baftisma. Ga waɗannan masu tuba, zama ƙarƙashin ikon Almasihu abu ne da ido ke gani: mutum ya kawo layunsa da gurunsa a ƙone a gaban jama'a, ya ƙi ba da akuyar tsafin gida, ya yi shuka ba tare da yanka ba alhali dangi suna jiran su ga ko gonar za ta yi, ya binne ɗansa ba tare da ya je duba don sanin wanda ya kama kurwarsa ba. Masu wa'azi sukan haɗa wannan da abin da ya faru a Afisa cikin Ayyukan Manzanni sura ta 19, inda masu sihiri suka ƙone littattafansu da kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, kuma kwatancin ya dace, domin a wuraren biyu tuba ta ci dukiya da mutunci.

Wanda ya fi kowa tsayawa a kan wannan batu a fagen ilimi ɗan wannan jiha ne, wato Byang Kato, wanda aka haifa a Kwoi a 1936, aka kuma keɓe shi tun yana jariri don ya gaji aikin tsafi, amma ya zama babban sakataren ECWA a 1967, sannan babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska a 1973. A littafinsa da ya fito a 1975, shekarar da ya rasu a teku kusa da Mombasa, ya yi gargaɗi a kan garwaya bishara da addinin gargajiya, ya kuma soki masana irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya, waɗanda a ganinsa suka kusa mayar da addinin kakanni hanyar ceto. Daga baya Kwame Bediako na Ghana ya yi masa raddi da cewa ya tsananta, har ya kasa ganin yadda Allah ya shirya zukatan Afirka tun kafin zuwan mishan. Kowannensu yana da abin da ya gani daidai. Turawan mishan da yawa sun kasa bambance tsafi da al'ada, suka hana ganga da rawa da sunayen gida kamar dukansu na iskoki ne, kuma sai da Zumuntar Mata ta dawo da tulu da kacau-kacau da amshin waƙa cikin sujada kafin majami'u su yi kama da mutanen da ke cikinsu. Amma Kato yana magana ne a matsayin wanda ya san tsoron dodo daga ciki, kuma mutumin da ya fito daga wannan tsoro yana da hakkin ya ƙi a yi masa ado da shi daga ɗakin karatu.

Akwai wata tsohuwar gardama tsakanin Kirista kansu game da siffofin da ke cikin majami'un Katolika, waɗanda 'yan ECWA da Baftis da HEKAN da yawa ke kallo da shakka. Amsar Katolika, wadda ta samo asali daga majalisa ta biyu ta Nikiya a shekara ta 787, ita ce girmamawa daban take da bauta, kuma darajar da ake ba siffa tana wucewa ne zuwa ga wanda take wakilta. Gardamar ba ta mutu ba, amma ba ita ce ke raba zuciyar mai bi a Kaduna ta yau ba.

Abin da ke raba ta, da farko, shi ne neman tsari. Mutumin da ya ga 2000 da 2002, wanda ya ji ƙarar bam ɗin da aka kai Majami'ar Santa Rita a yankin Malali, ba nisa da Unguwar Rimi, ranar 28 ga Oktoban 2012 ana tsakiyar sujada, wanda ya ji labarin ɗalibai fiye da 120 da aka kwashe daga makarantar sakandaren Bethel ta Baftis a Yulin 2021, da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris 2022, ba za a zarge shi ba idan ya ji tsoro. Tambayar ita ce inda tsoron ke kai shi. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a lokutan rikici kasuwar maganin ƙarfe da maganin bindiga da layar zana takan buɗe, kuma ba duk masu saye ba ne ke zama a gida ranar Lahadi. Wasu matasan da ke gadin majami'a sun sha tauri, wasu iyaye mata da ke rera waƙa a zumunta sun kai sunan kishiya ko na shugaban ofis wurin mai duba. Irin wannan mutum bai bar Almasihu ba a ganinsa, ya dai ajiye masa mataimaki ne don ko ta kwana, kamar mai gida da ya sa kwado biyu a ƙofa ɗaya domin bai amince da na farkon ba. Wannan shi ne ainihin abin da annabawa suka yi ta faɗa da Isra'ila a kansa, domin Isra'ilawa ba su rushe bagadin Ubangiji ba, sun ƙara na Ba'al ne a gefensa saboda ruwan sama.

Mafi wuyar ganewa shi ne lokacin da tsohon cinikin ya shigo majami'a da sabon suna. Littafi Mai Tsarki ya san shafa wa mara lafiya mai tare da addu'ar dattawa, kamar yadda yake a wasiƙar Yaƙub, kuma babu Kiristan da zai musanta cewa Allah yana warkarwa yana kuma tsarewa. Amma idan kwalbar mai ta zama abin da ake saye a rataye a mota, idan hoton fasto da ke manne a ƙofa shi ne ake dogara da shi ya kori ɓarawo, idan aka koya wa gwauruwa cewa girman abin da ta shuka a baiko shi ne zai ƙayyade girman abin da Allah zai yi mata, to an dawo kan ƙa'idar tsafi, wato a ba da abu domin a tilasta wa iko ya biya. Alamar da ke bambance addu'a da sihiri ita ce wanda nufinsa ke gudana: mai sihiri yana neman ya juya ikon ɓoye zuwa ga abin da shi yake so, mai addu'a kuwa yana kawo buƙatarsa ya bar hukunci ga wanda ya roƙa, kamar yadda Yesu ya yi a Gatsemani a daren da aka bashe shi. Malamin da jama'a ke tsoron la'anarsa fiye da yadda suke tsoron yin ƙarya ya riga ya hau kujerar da ba tasa ba, ko da sunan Yesu bai bar bakinsa ba.

Kuɗi na biye da wannan, kuma Bulus bai yi kwana-kwana ba da ya kira kwaɗayi bautar gumaka a sura ta 3 ta Kolosiyawa. A unguwar da ma'aikatan gwamnati da 'yan kwangila suka yi yawa, ikon Almasihu yana fuskantar gwaji a kan takardar biyan kuɗi da aka ƙara wa sifili, da fayil ɗin ɗan fansho da aka danne sai ya ba da na goro, da albashin yarinyar aiki da aka ɗauko daga ƙauye aka hana ta makaranta. Ikkilisiyoyin da suka fito daga mishan suna da abin da suke kira horo, wato dakatar da mai laifi daga Jibin Ubangiji da riƙe muƙami har ya nuna tuba, kuma tsari ne mai kyau idan an riƙe shi da adalci. Abin baƙin ciki shi ne sau da yawa yakan faɗa kan budurwar da ta yi ciki, domin laifinta ba ya ɓoyuwa, ya tsallake dattijon da kowa ya san dukiyarsa ta fi albashinsa, domin shi ne babban baƙo a ranar kafa asusun gini. Majami'ar da ke yin haka tana koya wa 'ya'yanta, ba tare da ta furta ba, wane ne mai iko na gaske a cikinta.

Gunkin da ya fi shan jini a Jihar Kaduna shi ne na ƙabila da ramuwa, kuma magana a kansa tana da zafi domin raunukan na gaske ne. Tun daga rikicin Kafanchan na Maris 1987, wanda ya jawo ƙona majami'u a Zariya da Kaduna da Funtuwa, zuwa na Zangon Kataf a 1992, aka fara jin wata magana a bakin Kirista cewa an mari kunci ɗaya, an mari na biyu, babu na uku da za a juya. Kare kai da iyali daga mai hari abu ne da mafi yawan malaman ikkilisiya suka halatta, kuma kukan da ake yi kan gazawar hukuma wajen hukunta masu kisa kuka ne na gaskiya. Amma tare hanya a kashe matafiyin da bai san abin da ya faru ba, kamar yadda aka yi a Gonin Gora bayan harin bam a majami'un Zariya da Kaduna ranar 17 ga Yunin 2012, ko kisan ɗaruruwan Musulmi a Zonkwa da kewayenta bayan zaɓen Afrilun 2011, a daidai lokacin da ake ƙona majami'u da kashe Kirista a wasu garuruwan Arewa, ba kare kai ba ne, kuma babu yadda za a yi shi ƙarƙashin ikon wanda ya umarci Bitrus ya mayar da takobi kube. A irin wannan rana sunan Kirista yakan zama tambarin ƙabila kawai. Masihiyawa, wato Hausawa da Fulani da Barebari masu bin Almasihu, sun fi kowa sanin wannan, domin harshensu da rigarsu kan sa a tuhume su a kudancin kogi, addininsu kuma ya sa a tuhume su a arewacinsa, kuma kasancewarsu kaɗai hujja ce a kan duk mai son ya mayar da ikkilisiya mallakar wasu ƙabilu. Misalin da Kaduna ta bai wa duniya a nan shi ne na Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa na dama a faɗan 1992 yana jagorantar matasa Kirista, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu a wannan faɗa. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai, suka taimaka wajen sanarwar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002 da sulhun Yelwa da Shendam a Jihar Filato. Babu ɗayansu da ya sassauta aƙidarsa game da Almasihu ko game da tauhidi, kuma wannan ne ya ba aikin nasu nauyi.

Dangantaka da hukuma tana da nata ma'auni biyu a Sabon Alkawari: Romawa sura ta 13 ta umarci biyayya ga masu mulki da biyan haraji, Ayyukan Manzanni sura ta 5 kuma ta nuna manzanni suna ƙin umarnin majalisa da hujjar cewa biyayya ga Allah ce ke gaba. Tarihi yana da waɗanda suka riƙe na biyun da ransu, irin su fastocin Jamus da suka fitar da sanarwar Barmen a 1934 suna ƙin a ba Hitila matsayi a cikin ikkilisiya, da Akbishop Janani Luwum na Yuganda da aka kashe a Fabrairun 1977 bayan ya ƙalubalanci Idi Amin. A Nijeriya, ƙungiyar CAN da aka kafa a 1976 ta zama muryar Kirista a gaban gwamnati, kuma neman adalci wajen rabon muƙamai da filin gina majami'a da koyar da addinin Kirista a makarantun gwamnati nema ne halattacce ga kowane ɗan ƙasa. Haɗarin yana zuwa ne idan aka fara auna sarautar Almasihu da addinin wanda ke zaune a Gidan Sir Kashim Ibrahim, wato gidan gwamnatin jihar. Patrick Yakowa, Kirista na farko da ya mulki jihar, ya hau a 2010 ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Disambar 2012, kuma bisa ga koyarwar ikkilisiya kanta, hawansa bai ƙara wa Almasihu iko ba, rasuwarsa kuma ba ta rage ba. Bagadin da ya zama dandalin kamfe yakan rasa bakin tsawata wa ɗan takararsa idan ya ci zaɓe ya ci amana.

Sauran batun shi ne zaman kansa. Kowane iyalin Kirista da ya rage a arewacin kogi ya taɓa auna ko ya sayar ya ƙetare, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa wanda ya tafi laifin rashin bangaskiya, domin Littafi Mai Tsarki ya san gudu daga tsanani, Yusufu ma ya kai jariri Yesu Masar. Amma rabuwar birnin gida biyu ta haifar da tsarar yara a Sabon Tasha da ba su taɓa cin tuwon salla a gidan maƙwabci ba, da tsara a Rigasa da ba su taɓa shiga gidan Kirista ranar Kirsimeti ba, kuma irin waɗannan yara ne suka fi sauƙin yarda da duk abin da aka faɗa musu game da mutanen ƙetare. A unguwanni irin su Unguwar Rimi, inda har yanzu ake haɗuwa a layin famfo da wurin mai nama da zaman makoki, umarnin ƙaunar maƙwabci yana da mutum takamaimai da yake nufi, mai suna da ƙofar gida, wanda ya san ko dattijon ikkilisiya yana biyan bashi, ya kuma san inda matarsa ta je lokacin da ɗansu ya yi ta suma. Majami'un wannan ɓangare sun yi asarar mambobi masu yawa tun daga 2000, da yawa daga masu zuwa sujada a cikinsu yanzu daga ƙetaren gada suke tahowa su koma da rana, kuma duk shekara akwai gidajen Kirista da ake sa wa alamar sayarwa idan mai gida ya yi ritaya ko ya rasu 'ya'ya suka raba gado.